Gurbin Babban Yatsa

Auta ya ba shekara arba'in baya tuntuni, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yau ba wanda ke kiransa da wani suna sai Auta, kuma har yau bai koyi zama wuri ɗaya ba. Aikinsa karanta mitar ruwa, gida-gida, tun safe har rana ta take. Wani in ya dawo daga irin wannan yawo filo zai nema. Shi kuwa jakarsa yake wurgawa kan kujera, ya kurɓi ruwa a tsaye, ya faɗa garejin gidan, garejin da tun da aka gina shi mota ba ta taɓa kwana a ciki ba.

A garejin nan ya yi kiwon tantabaru na wata biyar. A nan ya kwance agogon bango guda uku, biyu daga ciki har gobe suna cikin gwangwani. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama don tana koyarwa a firamare, ta saba da wannan zazzaɓi nasa: ya taso da zafi, ya yi 'yan watanni, ya sauka. Shi ya sa ranar da ya shigo da tsohuwar tukunyar gas, ya yanke mata kai, ya shafe cikinta da yumɓu, ya ce zai riƙa narka jan ƙarfe, ko ɗagowa ba ta yi ba daga takardun 'yan ajinta. Sai da na'urar busar gashinta ta ɓace, ta same ta ɗaure a bakin bututu tana hura gawayi, sannan ta san abin na yi ne. Ga shi yau shekara biyu zazzaɓin ya ƙi sauka.

Abin narkawa ba ya masa wuya. Wayar cikin fankar da ta ƙone, guntayen bututu, kawunan famfo da mutane ke yarwa a gindin mita, duk a aljihunsa suke ƙarewa. Abin da yake fitarwa kuwa, to, Allah dai ya ba shi ladan niyya. Ya zuba wa durowar kicin hannaye shida, babu biyun da suka yi kama da juna. Ya zuba ƙararrawa mai kyan gani, wadda in an kaɗa ta sai ka ce murfin tukunya ne ya faɗi. Amma a hankali hannun nasa ya fara faɗawa, shi ma ya san haka, kuma abin ya fara hau masa kai.

Ana cikin haka Baba ya faɗi.

Baba shi ne mahaifin Auta, ɗan shekara tamanin da ɗaya, tsohon mai raba wasiƙu, yana zaune a wurin babbar 'yarsa, wadda Auta ke kira Yaya. Da safe ya fito daga wanka, jiri ya kwashe shi a bakin ƙofa. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa damansa, amma ta zo da sauƙi. Ya yi sati biyu a asibiti, aka sallamo shi da jakar magunguna da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake turawa gaba a bi shi. Mai gashin ƙashi, wata doguwar mata marar wasa da ke zuwa gida duk Talata, ta faɗa musu gaskiya a tsaye a falo. Ƙafafun da sauran ƙarfinsu, amma dole ya tashi ya taka kullum. In ya yi wata guda a kwance, gwiwa za ta sandare, naman cinya ya zube, daga nan kuma sai dai a riƙa juya shi a gado.

Baba ya dubi ƙarfen mai ƙafa huɗu sama da ƙasa, ya ce a mayar wa jaririn da aka aro a wurinsa.

"Ku ba ni sandata," ya ce.

Sandar kuwa tare suka faɗi. Icen bai yi komai ba, amma kanta na jan ƙarfe, mai siffar ƙwan agwagwa, ya karye a wuya. Shekara arba'in yana riƙe da ita, da farko don karnukan gidajen da yake kai wa wasiƙa, daga baya don kansa. Yaya ta sayo wata a kanti, ya ce ta 'yan gayu ce, ko taɓa ta bai yi ba.

Auta ya ɗauki guntayen biyu yana juya su a tafin hannu. Murna yake yi, da ya lura da haka kunya ta ɗan kama shi. Shekara biyu ana masa dariya a dangi, yau ga aikin da ba mai iya shi sai shi.

"Ki ba ni kwana uku, Yaya."

"Kai dai kada ka dawo mana da cokali," in ji ta.

Ranar Asabar da hantsi ya manne guntayen da gam, ya kai bakin ƙofar gareji wurin haske yana dubawa. Nan idonsa ya faɗa kan abin da mai zubi ba ya iya gani ya ƙyale. A gefen hagu akwai wata lotsawa mai santsi, a ƙasa kuma wasu uku marasa zurfi a jere. Duk wanda ya taɓa zubi ya san ƙa'idar: abin da ka danna a yashi shi ƙarfe zai maimaita maka, har da aibinsa, don haka samfurin ake fara gyarawa. Ya narka kakin zuma a murfin gwangwani, ya cike babbar lotsawar, ya cike ƙannenta, ya bi da bayan cokali mai ɗumi har kan ya dawo sumul kamar ranar da aka ƙera shi. Ya ɗan tsaya yana yaba wa kansa.

Sai akwatin yashi, mai hawa biyu. Ya tankaɗe yashin, ya cuɗa shi da garin yumɓu da ɗan yayyafin ruwa, har ya kai in ya dunƙula ya karya sai ya rabu biyu bai wargaje ba. Ya binne rabin kan a akwatin ƙasa, ya barbaɗa hodar jarirai don kada sama da ƙasa su manne, ya ɗora na sama ya cika ya daddaka. Ya huda hanyar da ƙarfe zai bi da guntun bututu, ya soka siririyar waya nan da can don iska ta samu mafita. Da ya raba akwatin ya zare kan, gurbin ya fito tsaf, ko ƙwayar yashi ba ta zame ba.

Wuta ta kama, na'urar Malama na ta kuka, harshen wutar ya fara juyawa kore, alamar wayar da ke cikin tukunyar narki ta fara saki. Auta na zagaye murhun, ya leƙa, ya koma, ya sake leƙawa. Tsohon kan sandar na ajiye a kan benci, a ganinsa ya gama aikinsa. Sai wani tunani mai daɗi ya zo masa, irin wanda ya kamata mutum ya kwana a kansa kafin ya aikata. In ya jefa tsohon a ciki, sabon zai fito da launinsa, kuma zai iya duban Baba ya ce ba sabo ba ne, ƙarfenka ne na shekara arba'in. Har ya ji yadda maganar za ta fita daga bakinsa. Ya ɗumama kan a bakin murhu don kada danshi ya sa narkakken ƙarfe ya yi tsalle, kakin ya tsiyaye ya kama da wuta, ya sa awartaki ya sake shi a tukunya. Ya ɗan yi jim a sama, sannan ya nutse.

Zubin ya yi kyau, wannan kam ba musu. Ya kwashe kashin ƙarfen, wato dattin da ya taso sama, ya ɗaga tukunyar, ƙarfen ya gangara jawur ba yankewa. Lahadi ya yini yana guga da magagari da samfefa, ya huda gindin, ya zaunar da kan a bisa icen. Malama da kanta ta karɓa ta jujjuya.

"A'a, Maƙeri," ta ce, "yau kam ka fitar da mu kunya."

Litinin da yamma ya isa gidan Yaya da sandar a naɗe cikin jarida. Ɗakin Baba ƙarami ne: gado a jikin bango, rediyo a kan kujera, kwalaben magani a faranti, taga ɗaya mai kallon titi, ga ƙarfen nan mai ƙafa huɗu a kusurwa an rataya masa tawul. Auta ya warware jaridar, fuskar Baba ta washe. Ya karɓa da hagu, ya jawo ta kan cinyarsa, sannan ya zaro hannun dama daga ƙarƙashin bargo ya ɗora.

Babban yatsansa ya tafi gefen hagu kai tsaye, ya tarar da santsi. Ya koma baya, ya sake zuwa. Ya zagaya kan gaba ɗaya a hankali, ya dawo inda ya fara.

"Wannan ta wane ne?"

"Taka ce, Baba. Ga icenka nan. Kan ne kawai na sake zubawa."

"Ina wurin yatsana?"

Auta ya buɗe baki, sai lotsawar nan ta faɗo masa a rai, ita da ƙannenta uku a jere, da hannunsa riƙe da cokali yana shafe su. Ashe ba faɗuwa ce ta lotsa ƙarfen ba. Yatsu ne suka ci shi kaɗan-kaɗan, shekara arba'in.

"Ba komai," in ji Baba. "Ka yi ƙoƙari. Kawo min nawa, ko a karye ne, a ɗaure min da waya."

Maganar da Auta ya tanada ta zo bakinsa, ya faɗe ta don ba shi da wata.

"Yana ciki, Baba. Na narka shi a ciki. Ƙarfenka ne."

Baba ya kalle shi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya miƙa wa Yaya sandar, ya mayar da hannun cikin bargo, ya juya fuska bango.

"Sannu da gyara," ya ce.

Yaya ta jawo Auta waje ta rufo ƙofa. "Kai wai wane irin mutum ne? An ce ka haɗa, sai ka je ka narka? Tun kana yaro haka kake, a ba ka rediyo ka ji labarai, ka dawo da shi a leda."

"Yaya, wallahi alheri na nufa."

"To alherin naka ya tashe shi tsaye mana. Gobe Talata, kai za ka yi wa matar nan bayani, ni ba ruwana."

Satin da ya biyo baya Auta bai san inda kansa yake ba. Ya karanta mitar gida ɗaya sau biyu a rana guda, har mai gidan ya tambaye shi ko lafiya. Abinci a tsaye, wanka a guje. Ya ɗauki magagari ya fafe lotsawa a inda yake zaton take, ya ruga gidan Yaya. Yatsan Baba ya shiga, ya fito, Baba ya girgiza kai. Ya dawo ya ƙara zurfi, ya yi yawa. Ya cike da kaki, ya sake dannawa a yashi, ya sake hura wuta, ya sake zubawa, ya sake fafewa, wannan karon ya matsa gaba kaɗan. Baba ya sake girgiza kai. Auta ya kwaso hotunan gidan kaf ya baje su a kan benci yana neman kan sandar. Tana cikin kusan kowanne, amma a kowanne hannun Baba ya rufe kan ruf.

Abin da ya fi cinsa shi ne, ya riƙe kan nan a hannunsa, ya kai shi wurin haske, ya ga komai da idonsa. Yanzu in ya rufe ido yana so ya tuna zurfin lotsawar, sai ya ga santsin da ya yi da cokali.

Talata ta sake zagayowa. Mai gashin ƙashi ta lanƙwasa gwiwar Baba, ya yi ƙara. Ta fito falo ta dubi Yaya, ta dubi Auta.

"An ci rabin lokacin," ta ce. "Ni ba ruwana da wace sanda ce, ko muciya ce ku ba shi ya tashi."

Washegari Yaya ta kira shi a waya. Yana gareji a lokacin, da dunƙulen kaki mai ɗumi a hannu, yana shirin sake cike ramin da ya fafe a karo na uku. Ta ce Baba ya ture abinci, ya ce a kashe rediyo, a rufe masa taga. Daga nan ta koma kan Auta, ta ɗauko tun daga tantabaru. Tana faɗa yana kai da kawowa tsakanin benci da ƙofa, yana matse kakin bai sani ba. Da ta kashe wayar ya buɗe hannu zai ajiye, sai ya tsaya. Ga babban yatsansa a jiki, ga sauran yatsun a jere, har da zanen fatarsa. Tsohon kan ya tafi ba zai dawo ba, amma hannun da ya sassaƙa shi yana nan kwance cikin bargo. Ya fita daga gidan da silifas ɗaya nasa, ɗaya na Malama.

A gidan Yaya ya nemi kwano da ruwan zafi, ya jiƙa kakin har ya yi laushi, ya cire kan da ya zuba daga icen, ya mulmula kakin a wurin kamar ƙwai. Suka taimaka wa Baba ya zauna a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa.

"Baba, riƙe wannan yadda kake riƙe taka. Ka matse iya ƙarfinka."

"Wani sabon gyaran ne kuma?"

"Na ƙarshe ne. In bai yi ba na daina."

"Kai ka daina?" Baba ya ɗan yi tsaki, amma ya fito da hannun.

Sai yanzu Auta ya kalli hannun da kyau. Duk zuwan da yake yi, kan sanda yake kallo. Yatsu biyu na ƙarshe sun lanƙwashe ciki ba sa miƙewa, babban yatsan ya karkata, bayan hannun ya faɗa tsakanin ƙasusuwa. Baba ya ɗora shi a kan kakin, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, hannun na rawa har kafaɗa. Ya saki. Kakin nan mai laushi ya fito da 'yar alama kamar sawun tsuntsu a taɓo.

Su ukun suka zuba wa abin ido.

"Iyakarsa ke nan," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Tun a asibiti na sani. Ko ka dawo min da wancan, wannan hannun ba zai riƙe shi ba." Ya mayar da hannun kan cinyarsa. "Ranar da ka ce ka narka, na ji zafi, amma har da wani sanyi na ji. Na ce shi ke nan, na samu wurin fakewa. Tsoro nake ji, Auta. Na ji yadda ƙasa take."

Tausayi ya kama Auta, haushi ma ya kama shi, don kwana tara ke nan yana gudu tsakanin gida biyu da ƙarfe a hammata, yana ɗauke da laifin shi kaɗai. Ya so ya faɗi haka. Ya kalli hannun, ya fasa. Ya mayar da kakin cikin ruwan zafi, ya sake mulmulawa, ya ɗora hannun Baba a kai yadda yake, bai miƙe masa ko yatsa ɗaya ba. Ya rufe shi da nasa hannayen biyu ya matse.

"A hankali, ja'iri! Hannu ne, ba bututu ba."

"Yi haƙuri. Yanzu danna daga sama, Baba. Ka sa nauyinka, kamar za ka tashi."

Baba ya danna. Tafin ya nutse cikin kakin, lanƙwasassun yatsun suka haƙa wa kansu rami a gefe, har jikinsa ya ɗan rabu da katifa. Shi bai lura ba, Yaya ce ta lura, ta toshe baki da gefen mayafinta. Da aka zare hannun, abin da ya rage a kan icen ba shi da kyan gani ko kaɗan, ya fi kama da dankalin da aka taka.

Irin wannan siffa ba ta fita daga yashi, ramukan yatsun za su riƙe shi ya wargaje. Hanya ɗaya ce: a lulluɓe kakin da yumɓu, a bar shi ya bushe, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba ƙarfe a gurbin da ya bari. Kakin zai tafi, kuma in yumɓun ya tsage shi ke nan. Auta ya shafa yumɓun farko mai ruwa-ruwa da gashin kaza don ya shiga kowane lungu, ya bi da mai kauri wanda ya cuɗa da yashi da zaren buhu, ya bar kafa ɗaya a gindi. Daga nan kuma babu abin yi sai jira, kwana biyar a inuwa, don yumɓun da aka yi wa gaggawa fashewa yake a wuta.

Kwana biyar! A rana ta farko ya leƙa shi ya fi sau ashirin. A ta biyu Malama ta kama shi yana kwance na'urar busar gashi daga bututu.

"Ɗan ɗumi kawai zan ba shi, daga nesa."

Ta karɓe na'urar ta jefa a jakar makarantarta. "Ka taɓa abin nan kafin Litinin, ni da kai ne. Gaggawarka ce ta kawo mu nan."

Ya share garejin, ya sake sharewa. Ya kwance famfon kicin da ba ya ɗiga, ya mayar yana ɗiga. Ya ƙirga kwanakin da mai gashin ƙashi ta bayar, ya sake ƙirgawa ko za su ƙaru. Da yamma yakan je gidan Yaya ya zauna a bakin gado yana murza wa Baba hannu da mai yadda matar ta nuna musu, ƙafarsa ɗaya na karkarwa a ƙasa har Baba ya ce ya bari, yana girgiza masa gado. Ba su sake tayar da maganar tsoro ba.

Litinin da ya taso aiki ya ɗora dunƙulen yumɓun a gefen wuta, gindinsa a ƙasa, yana matsar da shi ciki kaɗan-kaɗan. Kakin ya fara ɗiga, ya yi hayaƙi, ya ƙare. Ya kasa kunne ko zai ji ƙarar tsagewa, bai ji ba. Ya jefa kan da Baba ya ƙi a tukunya, ya jira ya narke, ya kwashe kashin. Ya binne yumɓun da zafinsa a bokitin yashi, kafar na sama. Ya ɗaga tukunyar da awartaki, ya sauke, ya share gumi, ya sake ɗagawa. Ƙarfen ya shiga, ya cika, ya tsaya a bakin kafa yana ƙyalli. Malama ta fito ta zauna a kan bokitin fenti ta tsare shi har ya huce, don ta san mijinta.

Guduma ta fasa yumɓun. Abin ya fito baƙi-baƙi, da 'yan ƙananan huji a gefe ɗaya inda iska ta maƙale, amma ramukan yatsun duk suna nan, har da layin tafin hannu. Hannun Auta ya kai kan magagari da kansa. Ya yanke wutsiyar da hanyar zubi ta bari, ya kashe kaifin bakin-bakin don kada ya yanki fata, ya goge baƙin da tsumma. Akwai wani tudu a sama da ke tsone masa ido. Ya kalle shi, ya sake kallonsa, ya ajiye magagarin a durowa ya tura ta da gwiwa.

Talata da safe ya nemi izini a wurin aiki. Ya tarar mai gashin ƙashi ta riga shi isa gidan Yaya, tana tsaye a ɗakin ta harɗe hannu. Ta dubi sandar.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kan sanda ne," in ji Auta, ba da ƙarfi ba.

Baba ya karɓa da hagu, ya kafa ta a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora dama. Yatsun nan biyu suka zame cikin raminsu, babban yatsan ya kwanta a karkace, tafin ya zauna a kan tudun. Bai lalubi komai ba. Ya daɗe a haka yana kallon ƙasa, numfashinsa na fita da sauri. Sannan ya matso bakin gado. Auta ya kai hannu zai tallafe shi ta hammata.

"Bar shi," in ji mai gashin ƙashi. "Tsaya kusa kawai."

Karo na farko Baba ya ɗago ya koma. Karo na biyu ya danna sandar har ta yi ƙara a siminti, gwiwoyinsa na kaɗawa, ya miƙe. Auta bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, hannayensa a buɗe a bayan tsohon, ba dama ya taɓa. Baba ya tura sandar gaba, ya jawo ƙafar dama, ya bi da hagu. Taku biyar ne daga gado zuwa taga, ya yi su kamar mai tsallaka kogi. Yaya ta ɗauke rediyo daga kan kujera, ya zube a kai yana haki, gumi na bin goshinsa. Ya sa kan sandar ya ture tagar, hayaniyar titi ta shigo.

Ya ɗan huta, sannan ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa a kan siminti, ba komai a jikinsu.

"Ina takalmana?"

Auta ya leƙa ƙarƙashin gado, babu. Ya dubi Yaya, ta kawar da kai. Ashe tun satin da ya wuce ta wanke su, ta ɗaure a leda, ta ɗora saman kwaba tare da akwatunan da ba a buɗewa, don ta riga ta fitar da rai, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Ta jawo kujerar roba daga falo ta hau, ta miƙa hannu ta kamo ledar. Sai ta tsaya a can sama, ta ba su baya, kafaɗunta na motsi, ta kasa juyowa.

"Ki sauko a hankali, 'yar nan," in ji Baba. "Kada mu zama biyu."